'Yata ta haddace ABCD amma an ce ba ta kama sauti ba: me zan yi mata a gida?

Tambaya: 'Yata tana da shekara huɗu da rabi, tana ajin nazare a wata makarantar kuɗi. Ta haddace ABCD daga farko har ƙarshe, tana rerawa ba gargada. Amma malamarsu ta ce ba ta kama sauti ba, wai in riƙa taimaka mata a gida kafin su fara karatu sosai. Ni dai ban gane abin da ake nufi ba. Hausa muke yi a gida. Me zan yi mata, kuma da wane harshe?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya raya mana ita. Ki kwantar da hankalinki tukuna, don yarinya 'yar shekara huɗu da rabi da ba ta iya rarrabe sautukan kalma ba ba ta makara ba. Akasarin tsararrakinta haka suke. Sai dai maganar malamar tana kan hanya, kuma aikin da ta ba ki ya fi duk wani jingar rubuta 1 zuwa 100 da ake ɗora wa yaran nazare amfani.

Rera ABCD hadda ce, kamar kowace waƙa. Yaro zai iya rera ta tsaf bai san me haruffan suke yi ba. Abin da malamar take nema daban ne: yarinyar ta gane cewa kalmar da ke fita daga bakinta ƙananan sautuka ne aka harhaɗa. Ta ji cewa "sha" abu biyu ne, "sh" da "a". Ta ji cewa "masa" da "mota" da abu ɗaya suka fara. Ta ji cewa in aka cire farkon "nama" aka sa "k" sai a sami "kama". Masana harshe suna kiran kowane irin wannan guntu ƙwayar sauti. Duk wannan aikin kunne ne da baki. Ba ya bukatar littafi ko fensir, kuma ko an ɗauke wuta kuna kwance a tsakar gida za ku iya yi.

Mu da muka iya karatu muna ganin abin a fili yake, amma ba haka yake a kunnen yaro ba. Magana ba ta fitowa guntu-guntu. Ki tsaya gaban madubi ki ce "si", sannan ki ce "su". Za ki ga tun kafin "s" ta fito leɓɓanki sun riga sun kewaye saboda "u" da ke tafe. Baƙi da wasali a dame suke fitowa kamar fura da nono, shi ya sa yaro yake jin dunƙule ɗaya. A 1974 wata masaniya a Amurka, Isabelle Liberman, ita da abokan aikinta suka ba yara ɗan katako su riƙa buga tebur suna ƙirga guntayen kalma. Cikin 'yan shekara huɗu, kusan rabi sun iya ƙirga gaɓoɓi, amma ko ɗaya bai iya ƙirga ƙwayoyin sauti ba. Sai a wajen shekara shida, bayan an fara koya musu karatu, kashi 70 cikin ɗari suka iya. To kin ga 'yarki daidai take da shekarunta.

Amma kada wannan ya sa ki ce bari a bar ta, in ta girma za ta gane. Girma kaɗai ba ya kawo shi. A 1979 José Morais da abokansa sun gwada manyan mutane a karkarar Fotugal. Waɗanda ba su taɓa koyon karatu ba, duk da hankalinsu da iya maganarsu, yawancinsu sun kasa cire sautin farko daga kalma ko ƙara mata wani, alhali takwarorinsu da suka shiga ajin yaƙi da jahilci sun iya. Wato abu ne da ake koyarwa. Kuma an ga amfanin koyar da shi da wuri. Lynette Bradley da Peter Bryant na jami'ar Oksfod a Ingila sun bi yara kusan 400 tun suna shekara huɗu da biyar, ba su fara karatu ba, suka wallafa sakamakon a 1983: yaran da suka fi iya tsamo kalmar da sautinta ya bambanta da na sauran su ne suka fi iya karatu da rubutu bayan shekaru. A tsibirin Bornholm na ƙasar Danmak kuma, Ingvar Lundberg da abokansa sun sa an yi wa yaran da ba su shiga firamare ba wasannin sauti na minti 15 zuwa 20 kullum har wata takwas, ba tare da an nuna musu harafi ba. Da suka shiga makaranta sun zarce sauran, musamman a rubuta kalma daidai.

Game da harshe, amsata ba ta da kwana-kwana: ki yi mata da Hausa. Na san makarantar da Turanci take koyarwa, kuma na san iyaye da yawa suna tsoron kada Hausa ta ja yaro baya. A wannan fagen dai tsoron ba shi da tushe. Yaro yana iya wasa da kalma ne in ya mallake ta. In kika ce "zuma" ta koma "kuma", za ta ji canjin don ta san duka biyun, har ta yi dariya. In kika yi mata da kalmomin Turancin da ba ta san ma'anarsu ba, surutu biyu kawai ta ji. Kuma ganewar cewa kalma tana rarrabuwa sau ɗaya ake yin ta a rayuwa. Ranar da ta gane a Hausa, da ita za ta shiga Turanci da Larabci. Ki yi da irin Hausar da kuke yi a gida ma. In ku masu cewa "tahi" da "hwari" ne irin na Sakkwato ko Maraɗi, to sautin da ke bakinta shi za ta saurara, ba na littafi ba.

Ga kuma wata gata da Hausa ta yi mana. Gaɓarmu a tsare take: baƙi da wasali, ko baƙi da dogon wasali, ko baƙi da wasali da baƙi. Ba mu tara baƙaƙe biyu ko uku a farkon gaɓa yadda Turanci yake yi. Saboda haka daga gaɓa za ki fara, don ita ce kunnen yaro Bahaushe yake fara ji. Ku tafa sunayen mutanen gida: Mu-sa tafi biyu, A-mi-na uku, Ab-dul-la-hi huɗu. Ku tafa kayan miya da dabbobi: tu-ma-tir, ƙa-dan-ga-re, ra-ƙu-mi. Ki riƙa aikenta da magana a yayyanke, "ɗauko min lu… da… yi", ta haɗa da kanta ta gane abin da kike so. In ta saba, sai ki ce ta faɗi "masara" amma ta haɗiye "ma", ta ga "sara" ta fito. Ko ku juya "tasa" ta koma "sata". Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Zaurancen da 'yammata suke yi don kada a gane hirarsu, suna cusa wata gaɓa bayan kowace gaɓa ko suna juya kalma, aikin ke nan tsantsa, kuma ba malamin da ya zaunar da su ya koya musu. In tana da yayye masu yi, ki bar su su ja ta. Haka salon maganar nan na ƙato da kwaɗo da suka tafi ƙoto: ba don ta faɗa daidai ba, sai don harshenta ya sarƙe ta ji bambancin "k" da "ƙ" da "kw".

Littattafan Turawa da bidiyoyin da za ki gani a intanet suna ɓata lokaci mai yawa a kan kalmomi masu amsa-amo a ƙarshe, domin ginin kalmarsu haka yake. Ba laifi, waƙoƙin raino da na gaɗa suna yin wannan aikin. Amma kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa, amsa-amo a Hausa araha gare shi, bai cika tilasta wa yaro sauraro ba. Ni ba zan ce ki daɗe a nan ba.

Inda aikin yake, kuma inda yawancin yaranmu suke maƙalewa, shi ne tsallakawa daga gaɓa zuwa ƙwayar sauti. Sauƙin gaɓarmu shi ne kuma tarkonta. Mun taso ana karanta mana baƙaƙen Hausa "a, ba, ca, da", saboda haka har manya in ka tambaye su sautin farko na "masa" sai su ce "ma". To in "masa" da "ma" ta fara, "mota" kuma da "mo", "miya" da "mi", ta yaya yarinya za ta gane abu ɗaya ne a farkonsu? Sai ki ga yaro ya shiga firamare yana haddace ma, me, mi, mo, mu a matsayin abubuwa biyar da ba su haɗa komai ba, ya ninka wa kansa aiki sau biyar. In ya zo Turanci kuma, ya ga kalma mai ƙarewa da baƙi sai ya liƙa mata wasali.

Maganin shi ne ki fara da sautukan da ake iya ja: m, n, s, sh, z, r, l, f. Waɗannan za ki iya riƙe su a baki ba tare da wasali ya biyo ba. "Mmmmasa. Mmmmota. Mmmmiya. Me kika ji a farko?" Ki sa ta kalli bakinki, ta ga leɓɓa a rufe, ta taɓa hancinta ta ji yana rawa. Yara suna son wannan. Sai ku shiga farauta a cikin gida: yau duk abin da ya fara da "sss" muke nema, sabulu, soso, sukari, siket. Ki riƙa jefa na ƙarya da gangan, ki ce "tukunya", ta kama ki. Ba abin da yake wa ɗan shekara huɗu daɗi kamar ya kama babba ya yi kuskure. Su b, d, k, t, g da ba sa jawuwa ki bar su sai daga baya, in kin zo kansu kuma ki faɗe su a gajarce, ki datse wasalin iya ƙoƙarinki. Ba za ki iya cire shi ɗungurungum ba, ba wanda yake iyawa, amma "k" a taƙaice ta fi "ka" nesa ba kusa ba.

Da zarar ta fara jin sautin farko, ki koma haɗawa. A nan ma Hausa ta tanadar miki kaya, don muna da kalmomi masu sauti biyu rak da kowane yaro ya sani: sha, so, zo, fi, ni, mu, su. Ki ce "zzz… o", ta ce "zo". Da farko kada ki bar tazara mai yawa, ki ja su a haɗe, "zzzooo", sannan a hankali ki riƙa raba su. Daga nan sai masu uku kamar "nan" da "har", sai masu huɗu: nama, zuma, lemo, rana. Haɗawa ita ce karatu, don abin da mai karatu yake yi ke nan in ya ga haruffa. Kishiyarta, wato rarrabawa, ita ce rubutu, kuma ta fi wuya, shi ya sa take zuwa daga baya. Don ita akwai wata dabara da wani masanin Rasha, Daniil Elkonin, ya fito da ita, wadda har yau ake amfani da ita a duniya. Ki zana akwatuna a jere a ƙasa ko a takarda, ɗaya don kowane sauti. Ki ba ta murafen kwalba ko ƙwallayen dabino. Tana faɗin kalmar a hankali, tana tura ɗaya cikin akwati duk sa'ad da bakinta ya canza. "Sha" akwati biyu ne, ba uku ba, don "sh" sauti ɗaya ne ko da yake da haruffa biyu ake rubuta shi. Haka "ts" da "ky" da "gw". Idan ƙaninta mai rarrafe yana kusa, ki lura da murafen nan kada su tafi baki.

Haɗawa da rarrabawa su ne ginshiƙai. In ta samu waɗannan biyun, sauran ƙari ne. Akwai wasan musanya, kamar ci, ji, bi, yi, ƙi, ko nama, kama, dama, rama, yana da daɗi a mota ko wajen wanke-wanke. Wanda ba na so ki tsallake shi ne na sautukanmu da Turanci ba shi da su, don makarantar ba za ta taɓa su ba: baki da baƙi, kada da kaɗa, kafa da ƙafa, sara da tsara. Ki faɗi ɗaya ta nuna miki abin, ko ki ce "mun yi baki a gida" ta gyara miki. Yaran da ba a ja kunnensu a kan waɗannan ba su ne suke girma suna rubuta Hausa ba ƙugiya, mai karatu yana lalube. Akwai kuma abin da rubutun boko ba ya nunawa sam, wato tsawon wasali da karin sauti: gari na zama da gari na tuwo, kuka na hawaye da kuka ta miya, wuya ta jiki da wuya ta wahala. Yarinyar tana bambanta su a magana tun tuni. Ki yi mata wasa da su jefi-jefi don ta san kunnenta yana jin abin da takarda ba ta ɗauka. Baba da babba kuwa rubutu yana nuna su, kuma nan gaba za ta bukaci jin wannan nauyin.

In tana zuwa makarantar allo ko Islamiyya, kina da abokin aiki. Tsarin allo yana farawa da babbaƙu, inda yaro yake koyon sunayen baƙaƙe, sannan farfaru, inda ake sa musu wasali bisa da ƙasa da rufu'a. Matakin babbaƙu sunaye ne, kamar ABCD ɗin nan. Amma farfaru darasin sauti ne na gaske, don yaro yana ganin baƙi ɗaya a tsaye, wasali yana canzawa: ba, bi, bu. Ki yi amfani da wannan. In ta dawo tana biyawa, ki tambaye ta: a cikin ba, bi, bu, mene ne bai canza ba? Malamin da yake gyara mata mafitar haruffa kuma, yana raba mata sin da sad, kunnen yake wasawa. Hadda kaɗai dai ba ta wadatar ba, don ana iya haddace sura a dunƙule ba a san guntayenta ba.

Kada kuma ki ɗauka sai ta gama duk wannan za a nuna mata harafi. Wannan fahimta ta yaɗu, kuma ba daidai ba ce. Kwamitin da majalisar dokokin Amurka ta sa aka kafa don tantance binciken koyar da karatu, a rahotonsa na shekarar 2000, ya duba nazarce-nazarce 52 a kan wannan fanni, ya ga koyarwar ta fi tasiri in an haɗa ta da haruffa. Bradley da Bryant ma abin da suka gani ke nan: da suka raba wasu daga cikin yaran rukuni-rukuni suka koyar da su, rukunin da aka haɗa wa wasan sauti da haruffan roba shi ya fi kowa. Saboda haka da ta fara jin "mmm" a farkon kalma, ki rubuta mata m a ƙasa da tsinke ki ce ga hotonsa. Ki kira shi da sautinsa, "mmm", ba "em" ba, ba "ma" ba. Haruffa kaɗan sun isa a fara, misali m, n, s, a, i, u. Da su kaɗai za ta iya gina masa, nama, suna, sama, ta karanta abin da ta gina da hannunta.

Wannan rahoton ya faɗi wasu abubuwa biyu da za su rage miki nauyi. Shirye-shiryen da suka fi tasiri ba masu tsawo ba ne, jimillarsu tsakanin awa 5 zuwa 18 ne gaba ɗaya. Kuma mayar da hankali kan dabara ɗaya ko biyu ya fi tara su da yawa. Wato minti biyar zuwa goma a rana na 'yan watanni sun wadatar. In ta gaji ko ta fara ƙunƙuni ki bari. Ban da tsawa, ban da bulala, ban da gwada ta da ɗan maƙwabta. Hira da tatsuniya da karanta mata littafi kuma su ci gaba, don sauti yana buɗe kalma ne kawai, ma'anarta daga yawan kalmomin da ta sani take zuwa.

Ta ɓangaren Turancin makaranta, makarantu da yawa a Najeriya suna bin tsarin Jolly Phonics, mai koyar da sautuka 42, yana farawa da s, a, t, i, p, n. In shi suke bi, ki nemi malamar ta gaya miki sautukan da suke kai a kowane mako, sai ki nemo musu kalmomin Hausa a gida. Ki sa ran za ta yi tuntuɓe a wurare sanannu. Hausa ba ta raba "p" da "f" a matsayin sautuka biyu, ba mu da "v", kuma in baƙaƙe suka taru sai mu raba su da wasali, yadda muka sami burodi da fulawa. Wannan ba daƙiƙanci ba ne, tsarin harshenta ne yake aiki, kuma da sauraro yake gyaruwa. Turanci yana da sautuka wajen 44 da haruffa 26 kacal, rubutunsa cike da togaciya, shi ya sa yaran Ingila kansu suke daɗewa kafin su kware fiye da yaran da rubutun harshensu yake bin furuci. Rubutun Hausa yana cikin masu bin furuci. Yarinyar da ta fara fasa kalma a Hausa ta sami wuri mai sauƙi na gwaji.

Akwai lokacin da ya kamata ki wuce wasa ki nemi likita. In kunnenta yana yawan ciwo ko zubar da ruwa, ko ta taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda mai tsanani, ko kina kiranta daga baya ba ta juyowa, ko kullum sai ta ƙure sautin waya, a auna jinta. Yankinmu yana cikin inda sanƙarau yake yawan ɓarkewa, kuma yana daga cikin abubuwan da suke taɓa ji. Raunin ji kaɗan ma, wanda ba a lura da shi a hira, ya isa ya ɓoye wa yaro "s" da "f" da "sh". Manyan asibitocin koyarwa suna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, akwai kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna. Tsamin baki irin na yara kuwa daban ne. In tana cewa "laƙumi" amma kika ce "laƙumi" ta yi miki dariya ta ce ba haka ba ne, kunnen lafiya lau, harshen ne bai iso ba, kuma "r" tana cikin sautukan da suke zuwa a makare.

Idan jinta lafiya ne, kun yi watanni kuna wasannin nan, ta doshi shekara shida amma har yanzu ba ta iya jin sautin farko ko haɗa sauti biyu, musamman in a dangi akwai wanda karatu ya wahalar duk da kaifin basirarsa, to ki zauna da malamar da shugabar makarantar. Matsalar wahalar karatu tana bin jini, kuma a nan take fara nuna kanta. Irin wannan yaro yana bukatar darasin nan dai, amma a hankali, a tsare, da maimaici mai yawa, shi kaɗai ko cikin 'yan yara kaɗan, kuma gara a fara tun yana aji ɗaya da a jira ya kai aji huɗu an riga an laƙaba masa suna.